Tambaya da Amsa: Mita ta ce 12.6, allona ya ce 13.1

Tambaya: Ina gyaran sola a Marwa. Na haɗa abin auna batir da Arduino Uno, wato ɗan ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni. Na sa razista 100k daga ƙafar batir zuwa A0 (ƙafar awo ta allon), da 33k daga A0 zuwa GND (ƙafar negatif). Mita tana nuna bolt 12.6, allon kuwa 13.1, kuma lambar ba ta tsayawa wuri ɗaya, musamman idan inbata na aiki. Allon ne ya lalace?
Daga wani mai gyaran sola, Marwa

Amsa: Malam, allonka lafiya lau yake. Cif ɗin ATmega328P da ke kan Uno bai san bolt ba, abin da ya sani shi ne kwatance. Sashen ADC, wanda ke mai da wuta zuwa lamba, yana ɗibar wutar da ke ƙafar A0 cikin wata 'yar kafasita, sannan ya gwada ta da ma'auninsa sau 10: ta kai rabi? Ta kai kashi uku cikin huɗu? Kamar mai sikeli yana ɗora duwatsu daga babba zuwa ƙarami. A ƙarshe ya ba da lamba tsakanin 0 da 1023.

To, ma'aunin nan shi ne wutar da ke ciyar da allon, kai kuma da alama ka rubuta 5.0 a lissafinka. Razistocinka suna mai da 12.6 ta koma 3.13. Da ma'aunin 5 ne daidai, da lamba 640 za ka samu. Amma caja ko USB kan ba da 4.8, sai lambar ta hau 667, lissafinka ya fassara ta 13.1. Duk lokacin da wutar allon ta motsa, awon ya motsa, alhali batir yana nan yadda yake.

Mafita ita ce ka koma ga ma'aunin cikin cif na bolt 1.1 ta hanyar analogReference(INTERNAL). Sai dai dole ka canza 33k ɗin ka sa 6.8k, don dole wutar da ke isa A0 ta tsaya ƙasa da 1.1; batir kan kai 14.4 lokacin caji, kuma da wannan haɗin za ka iya auna har 17. Akwai riba ta biyu: kamfanin cif ɗin ya ce a ciyar da ADC ta hanyar da ba ta wuce 10k ba, haɗinka na da kuwa ya kusa 25k, shi ya sa 'yar kafasitar ba ta cika kafin a fara awo. Sabon haɗin bai kai 7k ba.

Kada ka yarda da 1.1 ɗin ido rufe. Daga cif zuwa cif yana iya zama 1.0 ko 1.2. Bayan allon ya fara karatu, auna tsakanin AREF (ƙafar da ma'aunin ke bayyana) da GND da mita, ka sa abin da ka gani a lissafi. Nemi razista masu kuskuren kashi 1 cikin 100, domin akwatin da ke kusa da kwano a zafin Afrilu ba wurin kayan banza ba ne.

Game da rawar lamba: manna kafasita 100nF tsakanin A0 da GND, kusa da allon sosai. Wayar GND ta tafi kai tsaye zuwa kan batir, kada ka jona ta a jikin wayar inbata, wadda ke ɗauke da amfiya masu yawa. Sannan ka karanta sau 16, ka haɗa, ka raba.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Njamena. Na bar analogRead, umarnin Arduino na karanta ADC, ina rubuta direban, wato umarnin da ke sarrafa ADC ɗin, da kaina. Lambar tana makara, wani lokaci ma tsohuwa nake samu.

Amsa: Madalla da wannan himma, 'yar'uwa, haka ake sanin cif. Duba yadda kike ɗauko sakamakon. Bit 10 na sakamakon ba sa shiga rajista ɗaya (wato 'yar ma'ajiyar cikin cif), an raba su tsakanin ADCL da ADCH. Da zarar an karanta ADCL, cif yana kulle su biyun har sai an karanta ADCH. Idan kika fara da ADCH kika ƙare da ADCL, kin bar su a kulle, sabon awon da ya zo sai ya salwanta. ADCL ake fara karantawa.

Tsarin shi ne: zaɓi ƙafa da ma'auni a rajistar ADMUX, kunna ADEN (makunnin ADC) a rajistar ADCSRA, ɗaga ADSC (mai fara awo), jira har ta koma 0, sannan ki karanta. Agogon ADC yana son gudu tsakanin 50 da 200 kHz, saboda haka a raba 16 MHz da 128, a samu 125 kHz. Awo ɗaya yana cin bugu 13, wato mikrosakan 104, na farko kuma bugu 25. Idan kin sauya ma'auni, zubar da awon farko, don ma'aunin bai gama zama ba tukuna.