Tambayi Likitan Dabbobi: Karyar gadina tana ɗigar mugunya, fitsarinta da jini

Tambaya: Salamu alaikum Dakta. Ina da karya mai gadin gida, shekararta 7, ba ta taɓa haihuwa ba don duk sanda ta fara neman namiji allurar hana ɗaukar ciki muke mata. Wajen wata ɗaya da rabi kenan da ta gama, yanzu ta daina cin abinci, ruwa kawai take sha kamar me, ga wani abu mai wari yana fita ta bayanta. Dama tun bara take tsugunnawa fitsari sau da yawa, ɗan kaɗan ke fita, wani lokaci da jini. Na saya mata kafso a kasuwa amma shiru. Me zan yi?
Mai karatu daga Rumde Ajiya, Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Don Allah kar ka kai gobe, ka ɗauke ta yau zuwa wurin likitan dabbobi. Abin da ka faɗa alamar mahaifarta ce ta cika da mugunya, ciwon da likitoci ke kira piyometira, kuma yana kashe karya cikin kwanaki.

Bayan karya ta gama neman namiji, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, wani sinadari mai suna projestaron yana zama da yawa a jikinta wajen wata 2, bangon mahaifa ya yi kauri, ruwa ya taru, ƙwayoyin cuta irin su E. coli su hau daga baya su samu wurin zama. Allurar nan da kuke mata kuwa danginsa ce, tana ƙara jawo ciwon sosai, ni dai ba na son ta ko kaɗan. Shan ruwan nan kar ka ce zafin Garwa ne kawai, dafin ƙwayoyin ne ke taɓa ƙoda. Sa'arka ɗaya bakin mahaifar a buɗe yake tunda mugunyar na fita, wadda nata ya rufe ba a ganin mugunyar, ciki na iya kumbura, mahaifa ta fashe a ciki.

Kafso shi kaɗai ba ya wanke jakar mugunya. Magani shi ne a yi mata ƙarin ruwa, a ba ta antibiyotik, a yi aiki a cire mahaifar da ƙwayayen haihuwarta gaba ɗaya. Na sha riƙe mahaifar da a lafiyarta ba ta fi fensir kauri ba, ta kumbura ta kai damtsen yaro, karyar kuma bayan kwana 2 ta tashi tana neman tuwo.

Batun fitsari kuma, ina zargin tsakuwa a mafitsara. A karnuka mata galibi ciwon mafitsara ne da ya daɗe yake haifar da irin da ake kira sitiruvait, ita tana iya narkewa da magani da abinci na musamman amma sai an yi makonni ko watanni, irin ta kalsiyam kuwa ba ta narkewa sai an cire. Ka roƙi a yi mata eko (wato sikanin ciki) ko hoto a duba mahaifa da mafitsara tare, in akwai tsakuwa kuma jikinta zai ɗauka, likita na iya cirewa a yanka ɗaya.

Ka fara da ofishin dabbobi na gwamnati mafi kusa, in ba su da kayan aiki su tura ka gaba, akwai kuma makarantar likitocin dabbobi a Jami'ar Ngaundere da za ka iya tuntuɓa. Kafin nan kar ka ba ta ibuprofen ko diclofenac, suna lalata ƙodar kare. Ka ajiye mata ruwa a inuwa ta sha iya son ranta, ka tafi da kwalin kafson da ka saya, ka kuma faɗa wa likita yaushe aka yi mata allurar ƙarshe.