Inda ya dace a hau allon tuƙin tsaye a ruwan Legas

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka sayi allon nan da ake hura wa iska, a tsaya a kansa a tuƙa da filafili, kana neman bakin ruwan da za ka fara, har ka ambaci Elegushi da Alpha. Don Allah ka cire waɗannan biyun daga lissafinka tukuna, haka Oniru da Eleko. Dukansu suna fuskantar Atlantika kai tsaye, babu abin da ya tare su. Raƙuman ruwan a gaɓa suke fashewa da ƙarfi, su ɗaga allon su maka shi a kan mai shi, ga kuma jan ruwa da ke yin ciki da mutum ta ƙasa. Daga Yuni zuwa Satumba abin ya fi muni. Mai koyo a Legas ruwan da aka kare yake nema, kuma muna da shi.

Na farko Tarkwa Bay. Mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa daga tashar CMS da ke tsibirin Legas ko ɓangaren Victoria Island, tafiyar kamar minti ashirin. Ganuwar duwatsun da aka jera a bakin mashigar tashar jiragen ruwa tun wajen 1908 ita ke karya ƙarfin teku, shi ya sa cikin lungun ya fi sauran gaɓoɓi lafawa. Ka tsaya a inda ruwa ke kai maka ƙugu zuwa ƙirji, ka riƙa bin gefen yashi. Abu biyu za ka kiyaye a nan. Bakin lungun a buɗe yake zuwa Commodore Channel, hanyar manyan jiragen da ke shiga tashoshin Apapa da Tin Can, kuma idan ruwa ya fara janyewa can yake nufa da duk abin da ke kansa. Katafaren jirgi ba ya birki don allo, matuƙinsa ma ba lallai ya gan ka ba. Na biyu, kada ka matsa kusa da duwatsun, suna da kaifi da santsi, ƙwararrun masu hawan raƙuman ruwa ne ke wasa a wajen. Lighthouse Beach da ke bayan Tarkwa Bay kuwa buɗaɗɗen teku ne, hukuncinsa ɗaya da na Alpha.

Wuri na biyu shi ne Five Cowrie Creek, mashigin da ya raba Ikoyi da Victoria Island. Babu raƙuman teku ko kaɗan, matsalarsa jirage masu gudu da baburan ruwa, musamman yammacin Asabar da Lahadi. Lokacinsa bayan sallar asuba da gari ya waye sosai, zuwa ƙarfe tara. Ka bi gefe, kada ka ratsa tsakiya, ka nisanci tashar LASWA, hukumar hanyoyin ruwa ta jihar Legas, da ke Falomo, inda jirage ke shiga da fita. Ƙarƙashin gadar Falomo ruwa yana matsewa tsakanin ginshiƙai ya ƙara gudu. In jirgi ya wuce ya turo maka ruwa, ka durƙusa kan gwiwa, ka juya hancin allon ya fuskanci abin da ke tahowa. Wanda ya bar shi ya buge shi ta gefe shi ke faɗawa. Gaskiya ruwan wurin ba mai tsafta ba ne, bayan ruwan sama kwatoci ke zuba a ciki, don haka ka bar kwana biyu tukuna, kuma mai ciwo a ƙafa ya haƙura.

Gaɓoɓin Ilashe da Ibeshe suna da fuska biyu, ka ɗauki ta mashigi, ka bar ta teku. Ruwan Epe ma kwance yake da safe, sai dai ka kula da ragar masunta da turakun da suka kafa, ka gaishe su ka tambaye su inda za ka bi. Daga ƙarshen damina kainuwa kan rufe waɗannan wurare, tana naɗe fiffiken da ke ƙasan allon ta tsayar da kai cak.

Zaɓen sa'a ya kai zaɓen wuri muhimmanci. Ruwan Legas yana cikowa ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kowanne wajen awa shida, kuma kullum lokacin yana matsawa da kusan minti 50. Ka duba jadawalinsa a waya tun dare, ka shiga awa ɗaya kafin ya gama cika, lokacin da gudunsa ke raguwa. A tsayuwar wata da daren sha huɗu jan ya fi ƙarfi. Iskar teku takan taso bayan azahar. In ta haura kilomita 15 a awa, jikinka ya zama kamar tutar da iska ke kaɗawa, allon zai bi ta ko kana so ko ba ka so. Da hunturu, Disamba da Janairu, mutane na ruɗuwa saboda ruwa ya kwanta luf, alhali iskar daga tudu take busowa tana tura ka ciki, ga hazo da ke hana masu jirgi hango ka. Kullum ka fara tafiyarka kana fuskantar iska, ta yadda idan ka gaji ita za ta dawo da kai.

Game da kaya, allo mai tsawon ƙafa goma da rabi, faɗin inci 32, kaurin inci 6 shi ya dace da yawancin masu farawa. Ka hura shi zuwa abin da aka rubuta kusa da bakin iskar, yawanci 12 zuwa 15 a agogon famfo. Agogon ba ya motsi da farko, sai mutum ya ga allon ya kumbura ya ɗauka ya isa, ya hau ya lanƙwashe a tsakiya. Kafin ka ɗaura tiyo ka tabbatar ɗan maɓallin bakin iskar ya taso sama, in ba haka ba kana cire tiyon iskar za ta fice gaba ɗaya. Kada ka bar shi a hure kan yashi cikin rana, iskar ciki tana buɗewa ta ɓalle gam ɗin gefe. Filafili ya ɗara kanka da kamar taƙi ɗaya, lanƙwasar bakinsa ta kalli gaba. Ƙafafu a gefe biyu na mariƙin tsakiya, gwiwa a sake, ido a nesa.

Rigar kariya daga nutsewa dole ce ko ka iya iyo, haka igiyar da ke haɗa ka da allon. A mashigi mai gudu ta ƙugu wadda ake ɓallewa da hannu ɗaya ta fi ta idon sawu, domin igiya na iya sarƙewa a turke ruwa ya danne mutum. Waya a jakar da ruwa ba ya shiga, rataye a wuya, lambar gaggawa 112 ko 767. Ranar farko ka tafi da wani, ko ka biya mai kwale-kwale ya tsaya kusa, ka yi minti ashirin na farko a durƙushe kafin ka miƙe.