Ke da kika ce ko awa 24 ne za ki yi

Ƙanwata, na saurari saƙon muryarki a cikin bas da misalin takwas da rabi na safe, ina dawowa daga dutin dare. Kin ce in nemo miki hanyar zuwa Ingila, ko ta karatu ko ta aikin kula da tsofaffi irin nawa, kuma kada in damu da zancen wahala, ke in dai aiki ne ko awa 24 ne za ki yi. Ke ce ta uku a watan nan da ta faɗa mini haka. Ni ma abin da na faɗa wa matar da na roƙa ke nan kafin in zo a 2022. Dariya kawai ta yi, ba ta ce uffan ba, kuma har yau ina jin haushin shirunta.

Ki fara sanin cewa ƙofar da na bi an rufe ta. Tun Yulin 2025 aka daina ba da bizar ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje, saboda haka duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki takardar, ɗan damfara ne. Saura karatu, shi kuma awa 20 a mako aka yarda ɗalibi ya yi aiki idan ana cikin zango. Amma aikin da za ki samu ɗin dai namu ne, kuma da an yi hutu za ki faɗa irin dutin da nake yi, tunda a nan kuɗin haya yake fitowa.

A takarda, takwas na dare ne zuwa takwas na safe. A zahiri shida da rabi na bar ɗaki, tara da rabi na safe nake sa makulli a ƙofa. A gidan kula da tsofaffin da na fara, mu biyu ne a bene guda. Wanda ba ya iya motsi sai an juya shi duk bayan awa biyu don kada kwanciya ta yi masa gyambo. A sauya ƙunzugu, a sauya zanin gado, a rubuta komai har yawan ruwan da mutum ya sha. Ƙararrawa kuwa ba ta san kin zauna ba. Akwai wata tsohuwa mai ciwon mantuwa da kullum ƙarfe uku take fitowa da jakarta a hannu, wai mahaifiyarta tana jiranta a tasha. Ba a ce mata mahaifiyar ta rasu, don sai ta yi sabon kuka kamar ranar ta fara ji. Sai dai ki riƙe hannunta ku yi ta zagaya baranda har ta manta inda za ta. Ta taɓa kwaɗa mini mari, bayan minti biyar tana shafa kumatuna tana tambayar wa ya taɓa ni.

Duk wannan da sauƙi. Ƙarfe huɗu na asuba ita ce matsalar. A lokacin zafin jikin mutum yake sauka ƙasa, jiki ya gama yanke hukuncin barci, ke kuma kina tsaye. Sanyi ya shiga ƙashinki ko da na'urar ɗumama ɗaki tana aiki. Na sha duba littafin rahoto da safe in ga inda biro ya ja layi ya gangara har ƙasan shafi, ban san lokacin da na tafi ba. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa yana raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Ni da ban taɓa ɗanɗana ta ba, a haka nake riƙe da rayukan mutane.

Ke gajiyar da kika sani ita ce wadda ake kwanciya a tashi garau. Barcin rana ba ya biyan bashin na dare. Awa huɗu, in an yi sa'a biyar, ki farka kai kamar an ɗora dutse. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, sai ki kwanta gari bai daɗe da wayewa ba, ki tashi duhu ya kusa dawowa. Na taɓa yin barci a bas har tashar ƙarshe, direba ya zo yana buga kujera, na buɗe ido ban san ko zuwa aiki nake ba ko dawowa.

Za ki ce ba doka ne? Akwai, tun 1998. Kada aiki ya wuce awa 48 a mako idan aka kasa shi a kan mako 17, a sami hutun awa 11 tsakanin duti da duti, da minti 20 na shan iska in aikin ya haura awa shida. Sai dai dokar ta ba ma'aikaci damar sa hannu ya yafe iyakar awa 48 ɗin, kuma fom ɗin yana cikin tarin takardun da aka tura mini gabana ranar farko. Na sa hannu ina murmushi. Bizata kuma a ɗaure take da sunan mai gidan da nake wa aiki: in ya sallame ni, kwana 60 aka saba bayarwa in sami wani ko in tattara. To wa zai ce a'a idan manaja ta turo saƙo ranar hutu cewa wance ba ta da lafiya?

A irin wannan daren ne abokiyar aikina ba ta zo ba, ba a kuma kawo madadinta ba. Na'urar ɗaga mutum mutum biyu ake so a kanta. Wani dattijo ya zame daga gado yana kiran a taimake shi, na sunkuya na tallabe shi ni kaɗai, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Da safe na faɗa wa manaja. Abin da ta fara tambaya shi ne me ya sa na saɓa ƙa'ida, sannan ta dafa kafaɗata ta ce ai mu mutanenmu ƙarfi gare mu, ba ma gajiya. Wallahi ciwon bayan bai kai wannan maganar zafi ba. A ganinta yabo ne ta yi. Daren ranar na koma aiki da maganin ciwo a aljihu.

Ku ma a gida kuna da naku. Ku kira ƙarfe ɗaya na rana, wato tsakar darena, in ban ɗauka ba a ce Yaya ta yi kuɗi ta daina ɗaukar waya. Hoton da kike gani a Facebook da rigar sanyi mai kyau, ranar hutu ɗaya ce cikin goma, kuma da an ɗauka gado na koma.

Ban ce na yi asara ba. Na yi karatun difloma a wayata lokacin shan iska, na bar wancan gidan da ƙafata bayan na sami wani mai ɗaukar nauyin bizata, yanzu ni ce babba a dutina, ni ke riƙe da makullin magani. Babu wanda ya ba ni ko ɗaya kyauta. Amma har yau ba na iya ɗaura takalmi sai na zauna.

In har kina nan a kan bakanki, ga abin da nake so. Dare uku a jere, daga takwas zuwa takwas, ki kwana a tsaye kina aikin gida, kada ki zauna fiye da minti 20, da rana ki yi barcin da ya samu. Safiya ta huɗu ki sake turo mini saƙon murya, in ji yadda kike magana, sai mu yi zancen makaranta. Yanzu goma ta kusa, zan ja labule. Kada ki kira kafin uku.