Tambaya da Amsa: Aikin kaji da awaki ya fi ƙarfina

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Shekara ɗaya kenan da muka koma ɗan filinmu ni da maigida da yara uku, muna da kaji 15 da awaki 3 da ɗan lambu a bayan gida, wallahi tun asuba nake tsaye amma har dare ban gama ba, ga kajin sun rage ƙwai, sannan na kwashi kashinsu na zuba wa shuka duk ta ƙone. Maigida baya dawowa sai yamma. Ni ce ban iya ba ko dama haka abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar uwa, sannu da ƙoƙari. Ba rashin iyawa bane, kin ɗauki kowane aiki kamar dole sai an yi shi kullum ne, alhali na kullum ɗin basu da yawa. Ruwa, abinci, kwasar ƙwai, rufe akurki da magariba, shi kenan. Sauran duk za su iya jira.

Kuma ruwan shi ne farko, tun kafin ki taɓa tsintsiya. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne, kaza kuma tana ɗaukar wajen awa 25 kafin ta haɗa ƙwai ɗaya, to kinga idan mazubin ya bushe da rana tsaka kina can kina wanki ai dole ƙwai ya ragu, kuma ba washegari zai dawo ba. Ki ƙara mazubi na biyu ki ajiye a inuwa. In kin gyara wannan baki ga canji ba ki duba ko suna zubar da gashi, ko wasu sun shiga kwanci, ko ma sun samu wani lungu suna zubawa a can baki sani ba, wannan na ƙarshen yana yawan faruwa har mutum ya fara zargin maƙwabta a banza. Haske ma yana da tasiri, suna son kamar awa 14 a rana.

Maganar kashin kaji kuwa, ɗanyensa zafi gare shi, sinadarin naitirojin ya yi masa yawa shi yasa ya ƙona miki saiwa. Amma anan ne ma sauƙinki yake. Maimakon sharar akurki kowace safiya, ki shimfiɗa garin katako ko busasshiyar ciyawa mai kauri a ƙasa, ki riƙa motsawa kina ƙara sabo a kai, in kin shiga kin ji wari yana hawa miki ido to ya jiƙe, a kwashe. Abin da kika kwashe ki tara gefe guda ki haɗa da busassun ganye, ki ɗan yayyafa ruwa, ki juya shi lokaci lokaci, bayan kamar wata 6 zai yi baƙi ya daina wari, sannan ne ya zama taki. Lambun ma ki rufe gindin shuka da ciyawa, ban ruwa da sassafe ko da yamma, ƙasa zata daɗe da danshi.

Awaki basa son cin abin da suka tattaka, ki rataye musu ganyen sama, ɓarna zata ragu. Yankan kofato duk sati 6 zuwa 8 da gyaran shinge, wannan na maigida ne ranar da baya fita, ki faɗa masa Anti ce ta ce. Babban yaronki ya ɗauki ruwan kaji, ƙaramin ya kwashi ƙwai safe da yamma, zai fasa ɗaya biyu da farko, ki daure kar ki karɓe aikin.

Sannan dan Allah kar ku ƙaro wata dabba bana. Cikin akuya kwana 150 ne kusan, kuma sau da yawa tagwaye take haifa, ukun nan naki kafin ki ankara sun zama bakwai.

TAMBAYA: Anti ina wuni, na sa wa kazata ƙwan agwagwa, yau kwana 23 shiru, in zubar ne?

AMSA: Lafiya lau ɗan uwa, kar ka zubar. Kwana 21 na ƙwan kaza ne, na agwagwa 28 ne, irin mai jan fuskar nan ma sai ta kai 35. Ka haska ƙwan da tocila a cikin duhu, wanda ka ga haske ya ratsa shi fes babu komai ciki ka cire, sauran ka bar mata, ka dai tabbata tana tashi sau ɗaya a rana ta ci ta sha.