Man kariya daga rana shi ma yana eksfaya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min. Yarona zabiya ne, kullum sai na shafa mishi man kariya daga rana kafin ya fita, to jiya na ciro wata roba da ta daɗe a durowa, na juya ta ko ta ina babu ranar eksfaya, ga man ya tsinke ruwa na fitowa kafin man. Wai doka ba ta tilasta musu rubutawa ba ne? In ci gaba da shafa mishi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya mana shi. Wannan robar dai ki yar da ita yau ɗin nan. Man da ya tsinke ko ya canza kala ko wari ya gama aiki, ko sinadarin bai mutu ba ba zai kwanta daidai a fata ba, wani wuri ya samu wani wuri ya rasa, ga fatar zabiya da ma ba ta da isasshen melanin, wato sinadarin da ke ba fata launi, da zai tare mata rana.

Maganar doka kuma kowace ƙasa da nata. A Amurka hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA a matsayin magani ta ɗauki man nan, dole a buga ranar eksfaya, sai dai in kamfani ya yi gwaji ya nuna man zai kai shekara 3 lafiya lau, to shi an ɗauke masa, sai aka ce mai saye ya ƙirga shekara 3 daga ranar da ya saya. A Tarayyar Turai dokar 2009 ta ce wanda ba zai wuce wata 30 ba a sa masa rana, wanda zai wuce kuma sai ki ga hoton 'yar roba a buɗe an rubuta misali 12M, wato wata 12 bayan kin buɗe.

Ni wallahi wannan rangwamen na shekara 3 yana damuna, uwa irinki ta ina za ta san wata nawa robar ta yi a sito kafin ta zo hannunta? Shi ya sa nake tare da masu cewa a yi doka kowace roba a buga mata rana ɓaro-ɓaro.

Kafin nan in kin sayi sabo ki sa alƙalamin maka ki rubuta ranar a jikin robar, kar ki bar shi a mota ko inda rana ke duka don zafi na saurin kashe shi, in yaron yana waje kuma ki riƙa sake shafa mishi duk bayan awa 2.