Tambaya da amsa: An ce jijiyoyin huhun jaririna sun kauce hanya, za mu iya jinkirta tiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da mako bakwai. Numfashinsa da sauri-sauri, yana jiƙewa da gumi in yana shan nono, kuma ba ya ƙiba. An yi masa hoton zuciya na eko, aka ce yana da TAPVC, jijiyoyin huhunsa sun bi ta saman zuciya, kuma akwai rami a zuciyar. An ce sai tiyata. Surukata ta ce a bari ya yi ƙwari, ramin zai toshe da kansa. Za mu iya jira? Kuma yaya ake aikin? Daga wata uwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kada ku jira. Maganar Mama tana da tushe, don akwai ƙananan ramukan zuciya da ke rufewa da kansu, amma na ɗanki daban ne. Wannan ramin shi ke riƙe da ransa a yanzu.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu. Ɓangaren dama na tura jini huhu ya ɗauko iskar oksijin, sai jijiyoyi huɗu su dawo da shi ɗakin sama na hagu, daga nan a watsa shi jiki. A ɗanki, jijiyoyin huɗun sun haɗu wuri guda a bayan zuciya ba tare da sun buɗe cikin ɗakin hagu ba. Wata jijiya ce ta ɗauki jinin ta yi sama da shi, ya zagayo ya faɗo ɗakin dama. Can yake cakuɗuwa da jinin da jiki ya gama amfani da shi, kuma ta ramin nan kaɗai wani kaso ke tsallakawa hagu. In ramin ya ƙanƙance, jiki ya rasa jini ke nan. Sauran jinin kuwa huhu yake ta komawa, ya yi masa yawa, shi ya sa yaron ke haki da gumi.

Irin na ɗanki, mai bi ta sama, shi ya fi yawa, kusan rabin masu cutar. Akwai mai zubowa cikin zuciyar kanta, akwai mai gangarawa ƙasa zuwa jijiyoyin hanta, wanda kusan kullum a matse yake, akwai kuma gauraye. Abin da za ki fara tambayar likitansa shi ne: hanyar jinin ta matse ko ba ta matse ba? In ta matse, aikin gaggawa ne na awoyi ko kwanaki. In ba ta matse ba, ana shirya aikin cikin makonni ko watannin farko. Ba tare da tiyata ba, yawancin yaran nan ba sa cika shekara guda. Furosemide, maganin sa fitsari da ake ba irin waɗannan yara, ruwan huhu kawai yake ragewa kafin ranar aiki, babu maganin sha da ke mayar da jijiya mazauninta.

Aikin yakan ɗauki awa 4 zuwa 6. Bayan an sa yaro barci, ana buɗe ƙirji ta tsakiyar ƙashi, a haɗa shi da injin da ke aikin zuciya da huhu. Ana sanyaya jikinsa, wani lokaci har zuwa digiri 18, a zuba wa zuciya ruwan magani mai sinadarin fotasiyam ta tsaya cik. Wasu likitocin kan dakatar da injin ma gaba ɗaya don su ga wurin babu jini, amma suna ƙoƙarin kada hakan ya wuce minti 40 saboda ƙwaƙwalwa.

Daga nan sai ainihin gyaran. Likita zai tsaga mahaɗar jijiyoyin a tsawonta, ya tsaga bayan ɗakin hagu daidai da ita, ya ɗinke bakunan biyu da zare mafi siriri daga gashi. Nasarar aikin duka a faɗin wannan ƙofar take. In ta yi ƙunci ko ta murɗe, jini zai taru a huhu. Sai a toshe ramin da ɗan yanki na tantanin da ya lulluɓe zuciyar yaron, a ɗaure jijiyar da ke hawa sama. Wani lokaci ana barin ta a buɗe da gangan, in ɗakin hagu ya yi ƙanƙanta da ɗaukar jinin duka nan take. Akwai kuma salon da ake ɗinka ɗakin hagu a jikin tantanin da ke kewaye da jijiyoyin, allura ba ta taɓa bakinsu ba, don rage tabo. A ganina ya dace ku tambayi likitan tiyatar wanne zai bi, da kuma jarirai nawa masu irin wannan ya yi wa aiki.

Kwana uku na farko su ne masu wuya. Jijiyoyin huhu da suka saba da jini mai yawa kan tsuke farat ɗaya, hawan jinin huhu ya tashi, oksijin ya faɗi. Saboda haka ake barin yaro a injin numfashi cikin barci, a ba shi iskar nitirik oksaid ko maganin sildenafil don buɗe jijiyoyin. Bugun zuciya ma kan rikice na ɗan lokaci. A cibiyoyin da suka ƙware, fiye da 90 cikin 100 na jariran da ba su da wata tawayar zuciyar suna tsallakewa, yawancinsu kuma su girma su yi makaranta da wasa kamar kowa.

Abin da iyaye suka fi sakaci da shi yana zuwa bayan sallama. Kimanin yaro 1 zuwa 2 cikin 10 tabo kan matse masa sabuwar ƙofar, galibi cikin wata 6 zuwa 12 na farko. Don haka kada ku tsallake ranar eko ko da yaro na ƙiba yana dariya. Mako 6 na farko kuma kada a ɗaga shi ta hammata, a tallafi kai da ɗuwawu har ƙashin ƙirji ya haɗe.

Cibiyoyin da ke wa jarirai wannan aikin kaɗan ne a Najeriya, iyalai da yawa Indiya suke zuwa. Ki nemi likitan zuciyar yara ta asibitin koyarwa, Barau Dikko a nan Kaduna ko na ABU da ke Shika, a rubuta miki cikakken rahoton eko, don da shi cibiyoyin tiyata da masu tallafi irin Gidauniyar Zuciya ta Kanu ke duba buƙata. Ki fara neman fasfonsa tun yanzu.

Kafin lokacin, ki ba shi nono kaɗan-kaɗan akai-akai, a ci gaba da rigakafi, a nisanta shi da hayaƙin itace da masu mura. Don Allah kada a kai shi wurin wanzami cire beli ko tsaga, kuma kada a ɗura masa jiƙo, jinin da zai zubar ko shaƙewa na iya gamawa da shi. Ki riƙa duba harshe da dasashi, don a fatarmu leɓe ba ya nuna shuɗi sosai. In suka yi shuɗi, ko numfashi ya wuce 60 a minti yana kwance shiru, ko haƙarƙari na lotsawa, ko ya ƙi nono sau biyu a jere, ku tafi sashen gaggawa na yara nan take, ko da tsakar dare ne, da takardar ekon a hannu.