Kotu ta raba mu, amma hatimin haikali na nan: idan na soke shi zan rasa 'ya'yana?

Tambaya: Ni mamba ce a Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, wanda mutane ke kira Mormon. An hatimce mu da tsohon mijina a haikalin Aba, wato an ɗaura mana auren da coci ke ɗauka na har abada, har lahira, muka haifi yara 3, daga baya kotu ta raba auren. Yanzu na sami wani ɗan'uwa a coci, muna son a hatimce mu. Tsohon mijina ya ce ba zai sa hannu ba sai na janye maganar kuɗin ciyar da yara, kuma wai in aka soke hatimin, yaran nasa ne shi kaɗai a lahira. Barci ya gagare ni.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, kuma kada ki janye ko kobo daga haƙƙin yaran nan. Ba sa hannunsa ake jira ba.

Gaskiya ne takardar kotu ba ta warware hatimi, kuma mace mai rai ba a hatimce ta da namiji na biyu sai an soke na farko. Bishop ba shi da ikon sokewa, shugaban siteki, wato mai kula da rukunin ikilisiyoyi sama da bishop, ma haka. Shugaban coci da mataimakansa biyu a hedkwatar cocin da ke Salt Lake City, Amurka, su kaɗai ke yanke hukunci. Ki fara da bishop ɗinki. Zai tattauna da ke, ki rubuta bayaninki, shugaban siteki ya gana da ke, sannan su tura buƙatar. Akan nemi tsohon miji ya rubuto abin da ke ransa, amma jin ta bakinsa ake yi, ba izininsa ake nema ba. Ko ya yi shiru, ko ya rubuto shafi goma na zagi, buƙatar za ta tafi. Ba a biyan ko sisi, saboda haka duk wanda ya ce ki ba shi wani abu ya hanzarta miki, ɓarawo ne.

Sai maganar yara, wadda ita ta fi ci mini rai. Shekarun da na yi ina bishop, babu ƙaryar da na fi ji kamar wannan. Yaran da aka haifa bayan an hatimce iyayensu an haife su cikin alkawari, wato a hatimce suke da iyayensu tun haihuwa, kuma soke hatimin iyaye ba ya taɓa wannan matsayi. Haka yake a rubuce a sashe na 38 na littafin jagora na coci, wanda tun 2020 kowa ke iya buɗewa a wayarsa ya karanta. Babu inda aka ce yara sun koma wajen uba, babu inda aka ce uwa ta fita. To daga ina mutane ke samo wannan? Daga hirar bayan sujada, daga wani da ya ji wani ya ce, wani lokacin ma, abin takaici, daga shugaban da bai buɗe littafin ba.

Ba zan manta da wata baiwar Allah ba. Ta shigo ofishina da takardar haihuwar 'yarta a nannaɗe cikin leda, hannunta na rawa, tana tambaya ko sunanta zai fita daga kan yarinyar a sama. Shekara 6 ta yi tana korar manema saboda wannan tsoro, mijin da ya sake ta kuwa tuni ya yi aure. Shi namiji, in zai sake hatimi bayan saki, izini kawai yake nema daga shugabannin nan uku, ba lallai a soke na farko ba. Wasu mazan sun san wannan bambanci, suna riƙe shi kamar igiya a wuyan matan da suka saka. Wannan zalunci ne, ba koyarwar coci ba. Mutumin da ke ciniki da abincin 'ya'yansa ya tuna cewa kafin a ba shi takardar shiga haikali ana tambayarsa ko yana sauke nauyin tsohuwar matarsa da 'ya'yansa. Ki gaya wa bishop barazanar da ya yi miki, kalma da kalma, kuma ki sa ta cikin bayaninki.

Abu ɗaya da ya kamata ki sani tun yanzu: idan kun ɗaura aure a rajista kafin a soke hatimin farko kika haihu, a lissafin coci yaron yana ƙarƙashin alkawarin farko ne. Ku zauna da bishop kan wannan tare da mai neman naki. Auren rajistar kansa ba ya buƙatar sokewa, kuma tun Mayu 2019 an cire dokar jiran shekara guda tsakaninsa da hatimi.

Ki tabbata hukuncin kotu ya zama na ƙarshe, don a Najeriya hukuncin farko na raba aure yakan jira wata 3 kafin ya tabbata. Kada ku buga kati ko ku kama mota zuwa Aba sai wasiƙar Salt Lake City ta iso hannunki, domin ita za ki nuna a haikali.